Harbin Safiyar Alhamis a Gonakin Deptford

Rwang yana sauka daga bas ya ji ƙarar. Sau ɗaya ta tashi, gajeriya, daga bayan layin dogo, tattabaru suka watse daga kan gada. Matar da ke gabansa ba ta ko ɗaga kai daga wayarta ba. A London kowa zai ce tayar mota ce ta fashe. Shi kuwa ya san ƙarar bindiga ce. Shekara goma sha huɗu rabonsa da wannan ƙara, tun safiyar da aka shiga ƙauyensu a Riyom, amma jikinsa bai manta ta ba.

Shi ne mai kula da allotment ɗin unguwar, filin da council, wato ƙaramar hukuma, ta yanka ƙananan gonaki talatin ta raba wa mutane suna shuka alayyahu da yakuwa da kabewa. Rabin masu gonakin Musulmi ne 'yan zangon Ghana, rabi kuma Kiristoci 'yan Filato irinsa, Hausa ce ta haɗa su. Ya fi minti goma tsaye a bakin titi ya kasa ɗaga ƙafa. Da ya isa, ya tarar da Abdul-Razak, mai shagon kayan abinci a High Street, zaune ya jingina da ƙofar ƙarfen filin, sanye da rigar ruwa mai hula. An ɗaure cinyarsa ta hagu da igiyar lambu, jini ya jiƙe wandon har cikin takalmi.

"Wayyo, Alhaji! Wa ya yi maka haka?"

"Kira ambulance, Baba Rwang," in ji Abdul-Razak, leɓunansa sun bushe. "Wani dogo ne, ya rufe fuska. Nan bakin ƙofa ya harbe ni, ya gudu."

'Yan sanda suka rufe filin kwana biyu. Sun bincike bakin ƙofa da hanyar siminti da ke wurin, ba su sami bindiga ba.

*

Kafin azahar ta Juma'a labari ya zaga Deptford har Lewisham. Nimatu, matar Abdul-Razak, ta tare Rwang a gaban shagonsu, mata sun kewaye ta.

"Dogo nawa muke da shi a gonakin nan?" ta ce. "Ba ɗanka ba ne ya yi faɗa da Alhaji kan tiyon ruwa? Kowa ya ji shi ya ce Alhaji zai yi nadama. Na gaya wa police, ban ɓoye ba."

Da yamma 'yan sanda suka zo suka tafi da ɗan nasa, Zion. Ɗan shekara ashirin da tara ne, direban bas, shi kaɗai ya rage wa Rwang. Ranar Alhamis da safe yana ɗaki yana barci, ba mai shaidarsa. Da ake sa shi a mota ya waiwayo ya ce, "Dad, I didn't." Hausa yake ji, amma in ya tsorata Turanci ke fitowa.

Rwang ya koma flat ya zauna. Wayarsa tana ta ƙara: a group ɗin hira na masu gonaki an fara cewa "su" da "mu". Wasu daga cocinsu suna cewa sharri aka ƙulla, wasu daga masallaci suna cewa dama an san hali. Ya san inda irin wannan magana take kaiwa, ya taɓa binne mutanen da ta kashe. 

A gida, kafin ya zo nan, aikinsa bin sawun shanun da aka sace. Yakan bi sawu kwana uku a kan dutse har ya kai ga garke. Ya yi wa kansa alkawari ya bar wannan aiki, don mai bin sawu ba ya rabo da maƙiya. A daren nan ya fito da tsohon takalminsa ya ajiye a bakin ƙofa.

*

Asabar da safe ya fara da asibiti. An cire harsashin, Abdul-Razak yana kwance yana kallon silin.

"Alhaji, sun kama Zion."

"Na ji. Ni ban ambaci sunan kowa ba."

"Ka ce dogo ne."

Abdul-Razak ya ci gaba da kallon silin.

"Wa ya ɗaure maka ƙafa?"

"Ni na ɗaure."

"Me ka zo yi gona da sassafe ran Alhamis, ranar da ake kawo maka kaya shago?"

Abdul-Razak ya juya fuskarsa bango. "Kaina yana ciwo, Baba. Ka yi haƙuri."

Rwang ya lura da hannun mutumin, ya damƙe bargo har jijiyoyi sun fito. Tsoro ne, amma ba irin na wanda ke tsoron maharbi zai dawo ba. Bai tambaya ko an kama maharbin ba, bai tambaya ko akwai mai gadin ƙofar ɗakin ba.

*

An cire igiyar 'yan sanda da hantsi. Manyan takalmansu sun tattake duk hanyoyin da ke kusa da ƙofa, sai Rwang ya bi shingen waya na baya, wajen layin dogo. Ruwa ya ɗauke tun kafin gari ya waye ran Alhamis, bai sake sauka ba, ƙasa ta riƙe abin da aka rubuta mata.

A ƙarshen filin, bayan ɗan ɗakin katako na gonar Awabu, ya sami wayar shingen a lanƙwashe. Ƙarƙashinta sawun takalmin ma'aikata ne, babba, dunduniyar dama ta cinye ta gefe. Mai shi ya tsaya wuri ɗaya ya daɗe, yana fuskantar tagar ɗakin.  Zion ba ya sa irin wannan.

Awabu ƙanwar Abdul-Razak ce, tana aikin kula da tsofaffi, tana zaune da 'yarta ƙarama a wani flat da ba ta gaya wa kowa lambarsa. Ya same ta a can cikin gonarta tana tsinke busassun ganyen kabewa, jakarta rataye a kafaɗa. Ta rame ƙwarai, idanunta sun faɗa.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Wa kika sani mai jan ƙafar dama, da ke leƙen tagar ɗakinki?"

Ganyen suka zube daga hannunta. "Jamal," ta ce a hankali.

Tsohon mijinta ne. Ta ba shi labarin a tsaye, tana waige-waige. Wata bakwai da rabuwarsu, sau biyu ta canja gida, sau biyu yana gano ta. Ta yi report wurin police, aka kira shi aka yi masa gargaɗi, ya yi shiru mako uku ya dawo. Ran Talata ya turo mata hoton kabewarta, ba ko kalma ɗaya, hoton kawai.

"Ran Alhamis da safe kina ina?"

"Ina wurin aiki," ta ce da sauri. Ta ƙara matse jakar a jikinta.

*

Jamal yana sauke katan-katan na kifi daga mota a kasuwar Lewisham. Ƙato ne, ga takalmin a ƙafarsa, dunduniyar dama a cinye. Rwang ya matsa kusa da shi.

"Na ga sawunka a bayan gonar Awabu."

Jamal ya ajiye katan ya dube shi daga sama har ƙasa. "To? Gonar matata ce."

"An harbi yayanta a filin."

"Tsoho, ka kiyaye bakinka. Tun biyar na asuba ran Alhamis ina kasuwar kifi, mutum ashirin sun gan ni, ga camera. Je ka tambaya." Ya matso har Rwang yana jin ƙarnin kifi a rigarsa. "Na ji kuna meeting gobe, ko? An rubuta a group. Zan zo in ji wanda zai kira sunana."

Direban motar ya tabbatar da maganar ba tare da an tambaye shi ba. Rwang ya koma tashar bas. Bai tsira da komai ba, kuma ya tsokano abin da ya fi ƙarfinsa.

*

Ya koma filin ya durƙusa a gaban sawun, abin da ya kamata ya yi tun farko in ba don gaggawa ba. Cikin gurbin duk ɗigon ruwan sama ne, ga yauƙin katantanwa ya ratsa shi sau biyu ya bushe. Sawun ya girmi ruwan Laraba. Jamal ya zo, amma ran Talata ya zo.

Ya miƙe a gajiye ya zagayo gaban ɗakin katakon. Awabu ta tafi. A nan idonsa ya sauka kan wani wuri kamar faɗin tabarma, daidai bakin ƙofar ɗakin, an kafce shi da fartanya an zuba ruwa. Ba mai kaftu a bakin ƙofa, ba kuma mai ban ruwa bayan an kwana ana ruwa. Tururuwa sun yi layi suna shiga ƙasar. Ya tona da yatsa, ya shinshina, ya ji ƙarnin jini, ya goge yatsan a wando da sauri.

Ashe ba a bakin ƙofar filin aka yi harbin ba.

Ya sunkuya ya bi gefen wurin kaɗan-kaɗan. Wanda ya kafce ƙasar ya yi sauri, bai kula da fangalin tafarnuwa da ke gefe ba. A cikin laushin ƙasar fangalin akwai sawun ƙaramin takalmin roba, taku biyu, yatsu kawai ba dunduniya: gudu ke nan, daga cikin ɗakin zuwa waje. Inda takun ya ƙare, ga gurbi biyu zagayayyu, masu zurfi, kusa da juna. Gwiwoyi ne. Daga nan kuma, ta siririyar hanyar da ke tsakanin sandunan wake inda 'yan sanda ba su bi ba, sawu biyu sun tafi manne da juna zuwa ƙofa, babban yana jan ƙafar hagu, ƙaramin yana nutsewa saboda nauyin da aka ɗora masa.

Rwang ya zauna a ƙasa. A duk shekarunsa na bin sawu, maharbi gudu yake yi ya bar wanda ya harba. Wannan ya ruga wajensa, ya durƙusa a kansa.

*

Rhoda ce sakatariyar masu gonakin, lauya ce kuma. Ya same ta a kicin ɗinta, ya gaya mata duk abin da ya gani. Ta ajiye cokalin da ke hannunta.

"Baba, ran Laraba Alhaji ya tsayar da ni a shago. Ya ce wai wani abokinsa ke tambaya, in mutum ya ajiye ƙaramar bindiga don kare kansa kawai, bai taɓa harba ta ba, me doka ta ce. Na ce masa a ƙasar nan ba a ba kowa izinin ƙaramar bindiga don kare kai. A same ka da ita kawai, shekara biyar ne mafi ƙanƙanta, sai in alƙali ya ga wani dalili na musamman, kuma da wuya ya gani. Na ga fuskarsa ta canja. Ban kawo komai a raina ba."

"In mutum ya yi harbi saboda tsoro fa?"

"Doka ta yarda ka kare kanka daidai gwargwado, kuma ana duba abin da ka yi zaton yana faruwa a lokacin. Wannan ana iya tsayawa a kansa a kotu. Amma bindigar laifinta daban ne, tsoro ba ya goge shi." Ta dube shi. "Mu kira police yanzu."

"In su suka kama Awabu, da in ita ta kai kanta, ɗaya ne?"

"Ba ɗaya ba ne."

"To a ba ni zuwa gobe."

"Zion fa? Sun nemi ƙarin lokaci a kansa. Litinin za su yanke ko su yi charging ɗinsa su kai shi kotu."

Rwang ya tashi zai tafi. Ya san da haka, shi ya hana shi cin abinci tun Juma'a.

*

Lahadi bayan an taso daga coci, bayan an yi azahar, aka taru a rumfar taro ta filin. Mutum kusan ashirin, kuma karon farko aka zauna gefe biyu, teburi a tsakiya. Nimatu tana gaba. Awabu tana can ƙarshen benci, jakarta a cinya.

Rwang ya miƙe. "Ba ni da ilimin boko, abin da ƙasa ta nuna mini zan faɗa. Ba a bakin ƙofa aka harbi Alhaji ba. Can ƙarshen fili ne. Kuma wanda ya harbe shi ba dogo ba ne."

"Dama me za ka ce? Ɗanka ne," in ji Nimatu.

"Wanda ya yi harbin ya ruga ya durƙusa a kan mijinki, Hajiya. Shi ya ɗaure masa ƙafa, shi ya tallafe shi har ƙofa don a gan shi da wuri. Ba don shi ba da jini ya ƙare. Zion zai yi haka? Maƙiyi zai yi haka? Ni ba zan kira suna ba. Ina roƙon mai abin ya faɗa da bakinsa, don ga lauya nan ta ce hakan ya fi masa sauƙi."

 Yana rufe baki sai ƙofar ƙarfen filin ta yi ƙara, aka ji takun takalmi mai nauyi a kan siminti. Jamal ya tsaya a bakin rumfar ya cika ta, hannuwansa a aljihu.

"Na zo," ya ce. Idonsa ya zaga ya tsaya a ƙarshen benci. Ya yi murmushi. "Awabu. Ina 'yata?"

Awabu ta miƙe, bayanta ya bugi katakon bango. Hannunta na dama ya shige cikin jakar, bai fito ba.

A lokacin Rwang ya gane. 'Yan sanda ba su sami bindigar ba domin tun ran Alhamis ba ta bar kafaɗarta ba. Jiya ma da yake mata tambayoyi tana nan, taku ɗaya tsakaninsu. Wata mata ta gane ita ma, ta saki ƙara, benci ya kife, mutane suka zube ƙasa. Murmushin Jamal ya ɓace.

 Rwang ya so ya kwanta kamar kowa. Amma shi ya jawo mutumin nan wurin, don haka ya taka ya tsaya tsakaninsu, ya ba Jamal baya.

"'Yata, dube ni. Ni kaɗai."

"Matsa, Baba."  "Ba zai bar ni ba. Ba zai taɓa barina ba."

"Na ga inda ya tsaya a bayan tagarki. Na ga tsawon lokacin da ya yi. Zan faɗa a gaban police, zan faɗa a gaban alƙali. Amma in kika fito da hannun nan da abin da ke ciki, 'yarki ba ta da uwa, ba ta da kawu. Ran Alhamis ba ki san wanda kika harba ba. Yau kin sani."

Ta daɗe tana kallonsa, numfashinta na fita da ƙarfi. Sannan hannun ya fito, ba komai a cikinsa. Ta sauke jakar a kan teburi a hankali kamar ƙwai, ta zame ta zauna a ƙasa.

"Kada kowa ya taɓa ta," in ji Rhoda, wayarta a kunne. Da aka waiwaya, Jamal ya riga ya fice.

Kafin 'yan sanda su iso Awabu ta faɗi komai, tana kallon Nimatu. Yayanta ne ya kai ta wurin wani mutum a wani gareji bayan Jamal ya gano gidanta na biyu. Mutumin ya shimfiɗa tawul ya jera bindigogi uku. Yaya ya so babbar, ita ta ɗauki ƙaramar don ita ce hannunta ya iya riƙewa, kuma tana shiga jaka. An ce mata nunawa kawai za ta yi, kowa zai gudu. Ta ɓoye ta a ɗakin gona saboda yarinya. Ran Alhamis, bayan hoton nan, ta zo da sassafe ta ɗauke ta. Tana ciki sai aka fizgi ƙofa ba sallama, ta ga ƙato da hula ta rufe fuska.

"Ashe Yaya ne ya zo ya ɗauke ta ya jefar, bai san ina ciki ba. Ban ma san na taɓa kunamar ba. Shi ya ce in yi shiru, ya ce zai ce ɓarawo ne." Ta juyo wajen Rwang. "Da na ji an kama Zion na so in faɗa, wallahi na so. Tsoro ya hana ni."

Nimatu ta rufe fuska da mayafi. Can ta taso, ba ta iya duban Rwang ba, ta je ta zauna a ƙasa kusa da ƙanwar mijinta.

*

An saki Zion a yammacin. Ya rungume uban a bakin ofishin 'yan sanda, amma bai sake taka filin ba.

Shari'ar ta ɗauki kusan shekara. A kan harbin an yarda Awabu ta yi zaton ranta take karewa. A kan bindigar aka ɗaure ta shekara biyar, yayanta shida, da sandarsa da ɗingishinsa. Shaidar Rwang da saƙonnin da ke wayarta suka sa kotu ta hana Jamal kusantar yarinyar, wadda ta koma hannun Nimatu. Jamal bai kwana ko ɗaya a tsare ba.

Da bazara Rwang ya yi booking ya hau jirgin ƙasa ya je ganin Awabu a gidan yari. Duk hanya yana shirya yadda zai nemi gafara. Aka fito da ita, ya ga ta yi ƙiba, kumatunta sun ciko.

"'Yata, ni na kawo ki nan."

"Ni na kawo kaina, Baba." Ta ɗora hannuwanta a kan teburi. "Kewar yarinyata ce kawai ke cina. Amma in gaya maka gaskiya? Nan in an kulle ƙofa, na san ba mai buɗe ta. Ina kwanciya sai safe. Rabona da barci irin wannan tun kafin in yi aure."

 Suna nan zaune har mai gadi ya zo ya ce lokaci ya yi.